Yadda Ƙaramin Ya Kayar da Yayansa

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandaren maza da ke wajen Ƙofar Guga, kuma na daɗe ina fama da yara a kan wasan da rabin mutanen Katsina ba su san ana yinsa ba, wato ƙwallon zari-ruga. A kwalejin horar da malamai na koye shi, wurin wani malaminmu da ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo da son wasan kamar ciwo, ya kuma shafa mini. Da na kama aiki na zo da ƙwallo guda a jaka. Ranar da na fara fito da ita, malamin lissafi ya karɓa ya jujjuya ta a hannu, ya ga doguwa ce ba zagayayya ba, ya tambaye ni wa ya zauna a kanta har ta koma gwanda. Yara suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don ba ni da haƙurin irin wannan. Na karɓe ƙwallona na ce duk mai son ganin amfanin gwanda ya same ni a fili bayan la'asar.

Wasan ba shi da wuyar bayani. Ka ɗauki ƙwallo a hannu ka ruga da ita, ka dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan karawa, ka ci ke nan. In za ka miƙa wa ɗan'uwanka, baya ake miƙawa, ba gaba ba. Wanda ke son tsayar da kai kuwa sai dai ya sunkuya ya sa kafaɗa a cinyarka, ya rungume ƙafafunka ya kai ka ƙasa. Da ka faɗi dole ka saki ƙwallon, shi kuma ya yi wuf ya tashi ya ɗauke ta kafin naka su iso. A baki ke nan. A fili kuwa, yaron da ya tashi da tamaula sai ka yi wata da watanni kana masa ihu kafin hannunsa ya yarda ya jefa ƙwallo baya, don a ganinsa wannan asara ce tsagwaronta.

Filin makarantarmu tsakuwa ne da ƙayar tsidau. Ba mai hankalin da zai ce wa ɗan mutane ya faɗi a kansa. Da tsintsiya da manjagara muka share shi, ni da yaran, har wani uba mai tifa ya ji tausayinmu ya zube mana yashi a kusurwa guda, a nan muke koyon kayarwa. Iyaye mata sun sha aiko mini da saƙo a kan yagaggun riguna. Shugaban makaranta ya sha kirana ofis ya tambaye ni ko kokawa nake koyarwa a ɓoye. Duk na shanye, don na riga na ƙudurta a raina sai na fitar da ɗan wasa daga garin nan wanda za a gani a ce ɗan Katsina ne.

Da yaran farko suka gama makaranta suka ƙi daina zuwa, sai muka kafa kulob. Muka samu wani fili a Kambarawa mai ɗan laushi, muke haɗuwa da yamma, 'yan makaranta da waɗanda suka gama. Akwai mai gyaran waya, akwai ɗan acaɓa, akwai wanda ke jiran shiga jami'a. Abin da ke cina a rai shi ne daga kulob ɗin nan babu gaba. Yaro zai kai inda ya kamata a ce wani wanda ya fi ni sani ya karɓe shi, sai ka ga shekaru sun wuce da shi, ya yi aure, ya yi tumbi, ya koma tsayawa a gefen fili yana ba da labarin da.

Cikin yaran farkon nan akwai wani ɗan Ƙofar Durbi, ɗan wani Alhaji mai sayar da yadi. Babban nake ce masa a nan, don yana da ƙane da ya biyo shi cikin wasan. Ban taɓa koyar da mai gudu da ƙwallo irin babban nan ba. Ba ya kauce wa mutum, ta kansa yake bi. Da ya gama makaranta ya buɗe shagon ɗinki kusa da na mahaifinsa, amma ko ana gobe salla, ɗinki ya yi masa yawa, sai ya leƙo fili ko da na ɗan lokaci ne.

Ƙanen nasa, ƙaramin, siriri ne dogo, ba ya magana sai an tambaye shi. Shi baiwarsa kayarwa ce. Bai jin tsoron gwiwar kowa. Zai sunkuya daidai lokacin da ya kamata, kansa a gefen da ya kamata, ka ji tim, kafin ƙura ta lafa ya tashi da ƙwallo a hannu. Abin da nake shekara ina koya wa wasu, shi sau ɗaya na nuna masa. A wasannin da muke yi da 'yan makarantun da suka fara kwaikwayonmu, yara har canza hanya suke in sun hango shi.

Ranar da na fara sa shi cikin manya a Kambarawa na ga abin da ya dame ni. Na raba su biyu, babban ya faɗa wancan ɓangare, ƙaramin wannan. Babban ya karɓi ƙwallo ya taho, ƙaramin na tsaye daidai gabansa, wurin da ko makaho ne zai kama shi. Sai na ga yaron nan ya ja gefe, ya sunkuyar da kai, kamar wanda ya haɗu da babba a ƙofar zaure. Babban ya wuce abinsa ya ci.

Na busa usur na ce, “Kai, mene ne haka?”

Ya ce, “Santsi ne, Malam.”

Ƙasa a bushe ƙamas, rabon da a yi ruwa an kwana biyu. Na ƙyale shi. Ba a jima ba aka sake, ya sake ba da hanya. Nan raina ya ɓaci, na yi kansa ina faɗa, na ce ko aljani ne ke ture shi in wannan mutumin ya taho. Ya tsaya hannuwa a baya har na gama, sannan ya ce a hankali, “Malam, Yaya ne fa.”

Ya faɗe ta kamar wanda ya kawo ƙarshen magana. Na waiwaya in ga ko sauran za su yi masa dariya, ba wanda ya ko murmusa. Duk sun gane, ni kaɗai nake ta huci. Kuma ba wai ban gane ba ne. Ni ma ɗan garin nan ne, ina da wan da har yau ba na miƙe ƙafa a gabansa. Na san gidajen da ƙane ba ya sa hannu a kwano kafin wansa, na san gidan Alhajin nan yana cikinsu. Amma ni a fili nake, kuma a fili wanda ya ɗauko ƙwallo ba shi da ƙane.

Da na sa ido sosai sai na ga abin bai tsaya kan wan nasa kaɗai ba. Abokan babban, waɗanda yake gaisarwa a unguwa, yana kama su, amma kamun lallaɓa, ya kwantar da mutum a hankali kamar mai kwantar da jaririn da ya yi barci. Duk mai gemu ya sami rangwame a wurinsa. Sa'o'insa kaɗai ke shan wuya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na zaunar da shi na ce masa kayarwa a wasa ba raini ba ce, ya ce to. Washegari ya sake ba da hanya. Da na gaji sai na koma haɗa su ɓangare guda kullum, na huta da ɓacin rai.

A haka muke har labari ya zo cewa wata makarantar horar da 'yan wasa da ke can kudu za ta aiko da mutum ya duba yaran arewa. Makaranta ce ta kwana, yaro na karatu yana wasa a hannun ƙwararru, daga nan ake ɗaukar waɗanda ke buga wa manyan kulob. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ke nan. Na yi ta kiran waya har mutumin ya yarda ya biyo ta Katsina a ƙarshen damina. Ya gaya mini abu biyu. Na farko, suna da iyakar shekaru, kuma da na lissafa na ga wannan ce shekarar ƙaramin ta ƙarshe, in ta wuce shi ke nan. Babban kuwa ya daɗe da wuce iyakar. Na biyu, ya ce shi ba ya auna yaro da sa'o'insa, zai haɗa 'yan makaranta da manyan kulob ne ya ga wanda zai iya tsayar da wanda ya fi shi ƙarfi. Da na ajiye wayar na zauna na dafe kai.

Na yanke shawarar zuwa wurin mahaifinsu, don na san in shi ya ce wa yaron ya yi, zai yi. Na same shi a zaure bayan la'asar. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, na tambayi kasuwa da jama'ar gida, muka sake zagayowa. Aka kawo ruwa na sha. Sannan na kwashe bayani kaf na yi masa, har da abin da makarantar nan za ta iya zame wa yaron.

Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, “Malam, tun yaron ga na rarrafe nike koya mai kada ya ɗaga ma wanshi murya, balle hannu. Yanzu so kake in kira shi da bakina in ce ya ɗauki wanshi ya buga da ƙasa gaban jama'a?”

Na ce, “Alhaji, wasa ne.”

Ya ce, “Na san wasa ne, shi ya sa na bar su suna zuwa. In an ɗauke shi ya tahi, na yarda, Allah ya sa albarka. Amma wagga magana ba ta fita bakina. Ban hana ba, ban kuma sa ba.”

Na so in ƙara, ya ɗauko zancen ruwan bana da yadda gero ya yi. Ya rako ni har inda na ajiye babur, yana sa mini albarka a kan wahalar da nake yi da yara. Na hau babur raina a jagule. Haushinsa nake ji, kuma na rasa inda zan ce ya yi kuskure.

Daga nan na zarce shagon babban. Na same shi a kan keke yana haɗa wata riga. Na ce masa ranar gwaji kada ya zo fili, ko in ya zo kada ya sa rigar wasa. In ba ya ciki, ƙaramin zai kama sauran ko da da lallaɓa ne, wataƙila baƙon bai lura ba. Dabara ce, kuma ko yau aka maimaita ita zan yi, don ni yaron nake so ya wuce. Babban bai ɗago ba, bai kuma tsayar da keken ba. Ya ce, “To, Malam.” Na fita ina ganin na kashe wutar.

Ranar gwajin Asabar ce da safe. An yi ruwa kafin ranar, ƙasar Kambarawa ta yi laushi, sai ƙanshi take. Baƙon ya iso da wuri, wani ƙato ɗan kudu mai kaurin wuya, tsohon ɗan wasa, yana ɗan ɗingishi. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, da Turanci muke magana. Ya sa yara gudu, ya sa su miƙa ƙwallo, ya sa su kayar da juna a layi. Ƙaramin ya yi abin da ya saba, na ga baƙon ya bi shi da kallo ya tambaye ni shekarunsa. Zuciyata ta yi sanyi.

Sai ya ce manya su shigo. Na juya in kira su, na hango babban zaune a gindin dalbejiya sanye da rigar wasa, yana ɗaure igiyar takalmi. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na taka wurinsa da sauri, na rage murya don kada baƙon ya ji.

Na ce, “Me muka yi da kai?”

Ya ce, “Na ji abin da ka ce, Malam.”

“Ka ji, shi ne ka zo ka kashe wa ƙanenka hanya?”

Ya gama ɗaurin ya miƙe, ya fi ni tsawo. Ya ce, “Malam, in ka ɓoye ni yau, can wa za ka ɓoye? Can ma akwai masu gemu. Sai ya tahi su maido shi, ya dawo ya zauna shagon ga tare da ni. Ka bar ni da shi.”

Na ce in ya ɓata wannan abin kada ya ƙara taka mini fili. Na faɗa da gaske. Ya ce to, irin to ɗin da ya yi mini a shago, ya wuce cikin fili.

Baƙon ya karɓi usur ya ce shi zai yi alƙalanci. Aka fara. Manyan nan ba su raga wa yaran ba, don na gargaɗe su kada su raga. Ɗan acaɓan kulob ɗinmu ya taho da ƙwallo, ƙaramin ya kama shi, kamun lallaɓar nan dai, amma ya kai shi ƙasa. Na saci kallon baƙon, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Can ƙwallo ta zo hannun babban. Yana da fili a hagunsa wanda ko tafiya ya yi zai wuce, amma ya bar shi, ya karkato ya nufi ƙanensa kai tsaye.

Na ga yaron ya sunkuya, na ce a raina Allah ya sa. Ya rage taku kaɗan su haɗu sai ya miƙe, ya ja gefe, ya ɗan shafi rigar wan da yatsu. Babban ya wuce ya dangwala ƙwallo. Baƙon ya dubi yaron, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Na san ma'anar wannan ɗaga kafaɗar. Baƙin ciki ya cika ni, har na fara tunanin abin da zan ce wa yaron in an tashi.

Babban ya dawo tsakiyar fili da ƙwallo a hammata. Bai ba da ita a ci gaba ba. Ya tsaya ya ce, “Kai, zo nan.” Bai ɗaga murya ba, irin kiran da ake yi wa yaro a gida ne in za a aike shi sayen sabulu. Ƙaramin ya taho da sauri ya durƙusa a gabansa, nan cikin taɓo, gaban baƙo da kowa. Ina kusa, na ji komai.

Babban ya ce, “Na taɓa aiken ka ka ƙi zuwa?”

“A'a, Yaya.”

“To aike ne zan yi maka. In na sake ɗauko ƙwallon ga, ka kai ni ƙasa. Ba irin kamun da kake ma abokaina ba, irin wanda kake ma sa'o'inka. In ka bar ni na wuce, ka ƙi aikena gaban mutane. Ka ji ko?”

Yaron ya ƙara sunkuyar da kai ƙasa.

“Magana nike maka.”

“Na ji, Yaya.”

Baƙon ya tambaye ni lafiya, na ce lafiya, maganar gida ce. Ya busa usur.

Ba a daɗe ba ƙwallo ta sake zuwa hannun babban, don abokansa sun ji abin da aka yi, da gangan suka miƙa masa. Ya taho da dukkan ƙarfinsa, gwiwoyi sama, irin gudun da na san shi da shi tun yana ɗan makaranta. Ko kaɗan bai rage ba. Ƙaramin ya sunkuya, wannan karon bai miƙe ba. Kafaɗarsa ta shiga cinyar wan, hannuwansa suka rufe, ya tura da ƙafafu, babban ya tashi sama ya dawo ta baya, tim, har taɓo ya fantsamo mana. Ƙwallo ta suɓuce ta gangara gefe. Fili ya yi tsit, ni kaɗai na ji muryata ina ihu kamar mahaukaci.

Ihun bai kai ko'ina ba ya maƙale. Maimakon yaron ya tashi ya ɗauki ƙwallo, sai ya durƙusa a gefen wan yana kakkaɓe masa riga, yana cewa, “Yi haƙuri, Yaya, yi haƙuri, ka ji ciwo?” Ga ƙwallo a ƙasa kusa da ƙafarsa, ko kallonta bai yi ba. Babban na kwance yana neman numfashi, da ƙyar ya iya ɗaga kai ya ce, “Ƙwallon, sakarai! Ɗauki ƙwallon!” Kafin ya juya mai gyaran waya ya sure ta ya tafi ya ci. Na jefar da hulata ƙasa. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Babban ya tashi yana dafe da haƙarƙari, na ce ya fito ya huta, ya yi kamar bai ji ba. Ya wuce ta gaban ƙanen ya ce, “Aiken bai ƙare ba.” Aka ci gaba. Ya sake tahowa, ya ɗan rage gudu don jiki ya ji, amma dai ta kan yaron ya bi. Ƙaramin ya sake kai shi ƙasa, kuma wannan karon ya tashi tsam ya tsallake wansa, ya ɗauki ƙwallo ya miƙa baya, hawaye na zuba a fuskarsa. Daga nan har aka tashi ba mai gemun da ya ƙara samun rangwame. Ɗan acaɓan nan ya fito yana ɗingishi, yana tambaya me ya yi wa yaron.

Da aka tashi baƙon ya ja ni gefe ya tambaye ni me babban ya ce wa yaron a tsakiyar fili. Na yi masa bayani iyakar Turancina, na gaya masa wa da ƙane ne, na gaya masa yadda gidansu yake. Ya juya yana kallon babban, wanda ke zaune gindin dalbejiya yana wanke gwiwar hannu da ruwan leda. Ya ce su ma a garinsu suna da manya, ya gane. Ya ce kayarwar farko ba ta burge shi ba tunda an bar ƙwallo a ƙasa, ta biyun ce ta sa zai ɗauki yaron. Sai ya nuna babban da haɓa ya tambayi shekarunsa. Na faɗa masa. Ya girgiza kai kawai, ya ce a shirya ƙaramin kafin a koma makaranta daga hutu.

Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba a aikin nan, har na rasa wa zan fara gaya wa. Ƙaramin kuwa sai da ya yi kwanaki yana ɓuya wa wansa. Babban ya ce mini in ya shigo gida ta ƙofa yaron sai ya san yadda ya yi ya sulale, abinci ma ya koma ci a ɗakin mahaifiyarsu. Da na haɗu da Alhaji a masallacin Juma'a muka gaisa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya yi mini godiya a kan makarantar. Zancen abin da ya faru a fili bai ɗauko ba, ni ma ban ɗauko ba.

Ranar tafiya na same su a tasha da sassafe. Alhaji ya yi sallama da yaron tun a gida, su biyu ne suka zo. Na hango su daga nesa, babban na gaba da jakar ƙaramin a kafaɗa, ƙaramin na binsa yana miƙa hannu zai karɓa, babban na ture hannun. A garin nan ba a ganin wa ɗauke da kayan ƙane alhali ƙanen na tafe hannu sake, har wani mai shayi ya bi su da kallo. Babban da kansa ya sa jakar a but ɗin mota, ya duba tayoyin motar kamar shi zai tuƙa, ya nema wa yaron wurin zama kusa da taga. Na yi wa yaron nasihar da na shirya, rabinta ta gudu daga kaina. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya durƙusa wa wansa, babban ya ce, “Tashi ka shiga, kada su ba wani wurin.”

Mota ta cika ta tashi. Muka tsaya muna kallonta har ta fita daga tasha ta sha kwana. Na ce wa babban ya zo in sauke shi a shago, ya ce to, amma bai motsa ba. Yana nan tsaye yana kallon inda motar ta bi.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Malam, don Allah in tambaye ka. Da a lokacina mutanen ga suka zo, da ni za a sa a motar ga?”

Na ce, “Da kai ne.” Ba don in faranta masa rai na faɗa ba, gaskiyar ke nan, kuma faɗinta ya yi mini ciwo.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa bakin hannun riga ya goge fuska, ya ce akwai ɗinkin da ya yi alkawarin bayarwa kafin azahar. Na tayar da babur, ya hau baya, muka nufi Ƙofar Durbi.